Waziri Gwadabe da Tauraruwa Mai Wutsiya

A can zamanin da, a wata masarauta mai doguwar ganuwa, tauraruwa mai wutsiya ta fito. Da an idar da sallar magariba sai a gan ta ta yamma, jelarta a miƙe gabas. Hankalin Sarki ya tashi, ya tara fada, ya ce a gaya masa abin da take nufi.

Waziri Gwadabe, mutum mai ƙaton rawani da ƙaramar zuciya, ya daɗe yana jin zafin Galadima Jatau, don talakawa sun fi son Galadiman. Ya gurfana, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai zancen a fili yake. Yatsa ne daga sama, yana nuna gidan maci amana. Wane babba ne ke zaune a gabas in ba Galadima ba?"

Fadawan da jiya suka ci tuwon Galadima suka ɗauka, "Gaskiya ne, Waziri!"

Magajiya Tabawa, gwaggon Sarki, tana zaune gefe tana kallonsu kamar ƙudaje a kan miki. Tana yarinya ta ga irin wannan tauraruwa. Ta kuma tuna yadda ta ɓace, ta sake ɓullowa da asuba, jelarta ta juya. Ta san ba a jayayya da matsorata, sai ta ce, "Zaki, Waziri ya yi magana ta masu sani. Amma a bar Galadima a tsare, kada a kore shi sai baƙuwar ta gama zancenta. Duk gidan da ta nuna daga ƙarshe, mai shi ya bar ƙasar. Ko ba haka ba, Waziri?"

Gwadabe ya washe baki, ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe. Ko ɗan cikina ne, a kore shi."

Aka tsare Galadima. Ba a daɗe ba tauraruwa ta nutse cikin hasken rana, aka daina ganin ta. Waziri ya fara aika masu auna filin Galadima. Magajiya kuwa kullum da assalatu tana kan soro, tana duban gabas, don ran mutum ta jingina da abin da ta gani tun tana ƙarama.

Ran nan da asuba sai ga tauraruwa a gabas, jelarta ta miƙe yamma, daidai unguwar Waziri. Magajiya ta sa aka taso Sarki ya gani da idonsa.

Da fada ta cika, Gwadabe ya zo rawani a karkace, ya zube, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tauraruwa halitta ce kawai! Me ta sani? Ba ta san gidan kowa ba!"

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne," suna satar kallon fuskar Sarki.

Sarki ya ce, "Na yarda, ba ta san kome ba. To, da wace hujja ka so in kori Galadima?"



Aka saki Galadima, aka mai da shi kujerarsa. Aka kware wa Gwadabe rawani, dogarai suka raka shi ƙofar gari. Magajiya ko leƙowa ba ta yi ba, ta ce da baiwarta ta dama mata fura.