Shanun Lado da Takarda Mai Hatimi

Babu abin da ya kai takarda mai hatimi daraja a ƙasar nan.

Ko da kuwa babu wanda ya gane abin da ke cikinta.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Kanya Babba, ana ce masa Malam Ukasha. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati a Kazaure, ya ajiye aiki yana mataimakin darakta. Ya dawo gida da kwamfutar hannu, da takardar shaidar wani kwas na kwana uku da ya taɓa yi a Dutse. Takardar tana rataye a zaurensa cikin gilashi, daidai inda idon baƙo zai fara sauka.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya wasiƙa. Shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban garin, hatimi a hannunsa yake. Rijiyar burtsatsen da ake sha a garin ma wasiƙarsa ce ta kawo ta. Shi ya sa duk abin da ya shafi hukuma, zaurensa ake nufa.

A gefen garin kuma akwai rugar wani makiyayi mai suna Lado. Yana noma kaɗan, amma ransa yana wajen shanunsa. Kowace saniya ya san sunanta, ya san na uwarta, ya san na kakarta. Suna ɗaya ne ba a taɓa ji a bakinsa ba, na 'yarsa ta fari, Jannatu. Kunyar 'yar fari ce, irin ta mutanen da. In yana son ruwa tana tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa."

Jannatu matar aure ce da 'ya'ya biyu, tana aiki da masu yi wa dabbobi allurar rigakafi. Watanni huɗu kafin wannan labari, da aka zo yi wa shanun mahaifinta allura, ta ɗauki kowace saniya hoto biyu da wayarta. Ɗaya na jiki gaba ɗaya, Lado yana riƙe da ƙaho. Ɗaya na kunne, inda tsagar gidansu take.

Ranar an yi mata dariya. Wani ya tambaya ko shanun Makka za su, ake yi musu fasfo.

Da damina ta kankama, wata rana da la'asar aka yi iska da tsawa, garken ya watse a daji. Shanu ashirin da uku suka miƙe arewa, suka tsallaka iyaka ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A wani gari cikin Nijar aka kama su, aka killace.

Daudu, ƙanen Lado, ya bi sawu har can. Ya tarar wani dillali ya riga shi, yana rantsuwa shanun nasa ne.

Ran Litinin Daudu ya bugo waya. Ya ce likitan dabbobin da maganar ke hannunsa, Mushe Mamuda (wato Malam Mamuda, a faɗar mutanen Nijar), mutumin kirki ne, amma yana son hujja.

"Na kira su da sunansu sun taso," in ji Daudu. "Ya ce saniya tana amsa kiran duk wanda ya ba ta kanwa kwana uku. Abin da zai sa a fayil yake so. In akwai tsofaffin hotuna, a turo masa ta imel kafin azahar ɗin Alhamis. In ba su zo ba, dillalin yana da shaidu biyu, shi za a ba."

Ashirin da uku ɗin nan su ne rabin abin da Lado ya tara a duniya. A cikinsu akwai Wule, wadda ya gada daga zuriyar saniyar mahaifinsa, ga ta da tsohon ciki.

Sai aka nufi zauren Malam Ukasha.

Jannatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta zuba masa hotuna arba'in da shida a kwamfutarsa. Sannan ta ce cikin ladabi, "Baba, in ka yarda, sai in zaɓe su in liƙa a saƙo yanzu, kafin magariba sun isa."

Malam Ukasha ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"'Yata, magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa. Ba hoton biki za ki tura wa ƙawaye ba. Hukuma ba ta karɓar abu a warwatse. Takarda ɗaya, adireshi a sama, sa hannu a ƙasa, hatimi a kai. Lado, ko na faɗi ba daidai ba?"

Lado ya ce, "Ku ne kuka san hukuma."

Jannatu ta mayar da wayarta jaka. Ba a musu da dattijo a gaban uba.

Malam Ukasha ya shiga aiki. Talata gaba ɗaya ta tafi a gaisuwar buɗe wasiƙa, domin ba kullum ake rubuta wa wata ƙasa ba. Sannan ya jera hotunan a shafi biyu. Da suka ƙi shiga, ya rage kowanne ya koma kamar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Hotunan kunne ya cire su, ya ce babu hukumar da ke karɓar hoton kunne. A sauran kuma ya datse Lado, domin maganar ta shanu ce, ba ta mai gida ba.

Ran Laraba ya hau babur zuwa Babura, aka buga masa takardar. Mai shagon ya tambaya ko mai launi yake so.

"Baƙi da fari," ya ce. "Takardar hukuma ce, ba kalanda ba."

Ya sa hannu, ya danna hatimi da ƙarfi, har ya rufe shanu biyu. Sannan aka sa takardar a na'ura aka sake ɗaukar hotonta, aka tura. Ya dawo gari da la'asar, ya sanar a ƙofar masallaci cewa aiki ya kammala, Lado ya fara gyara turaku.

Safiyar Alhamis amsa ta zo. Malam Ukasha ya aika aka kira Lado da dattawan unguwa, domin irin wannan amsa a bainar jama'a ake karanta ta. Bai duba ba tukuna. Ya gyara murya, ya ɗaga kwamfutar.

"Bayan gaisuwa mai yawa. Mun karɓi wasiƙarku, kuma ta yi kyau ƙwarai. Mun ga hoton duwatsun ƙasarku. Muna jiran na shanun."

Wani tsoho ya kama tari, tarin da ya daɗe bai tsaya ba.

Ƙarfe tara da rabi ke nan. Saura awa huɗu.

Lado ya miƙe, ya gyara sandarsa a kafaɗa. Jannatu tana tsaye daga waje tare da mata. Ya zo zai wuce ta, ya dubi wata bishiyar darbejiya ya ce, "A gwada na wayar."

A ƙauyen, sabis ba shi da alƙawari. Kana tsakar gidanka wayarka za ta yi maka maraba da zuwa Nijar. Don haka suka shiga a-daidaita-sahu zuwa bakin titi, kusa da ƙarfen sabis. Jannatu ta zauna a kan benci wajen wata mai ƙosai. Lado ya tsuguna nesa kaɗan, ya ba ta gefen kafaɗa.

Ba ta fara da turawa ba. Ta san hoto arba'in da shida marasa suna wani tarin duwatsun ne, sai dai masu launi. Ta buɗe na farko, ta nuna wajen da Lado yake.

Lado ya saci kallo, ya ce wa titi, "A rubuta: Wule 'yar Saige. Kunnen dama tsaga biyu. Tana da ciki."

Ta sauya sunan hoton, ta rubuta haka. Ta buɗe na gaba.

"A rubuta: Ole. Ƙahon hagu ya karye daga kai. Ita ce mai harbi, a gaya wa likita kada ya bi ta baya."

Haka suka yi ta yi, uba yana magana da titi, 'ya tana rubutawa. Sha ɗaya ta wuce kafin su gama.

Sannan ta danne hoto ɗaya da yatsa har alama ta fito, ta bi sauran tana taɓawa, ta liƙa su duka a saƙo guda. Wayar ta yi tunani, ta ce kayan sun yi nauyi. Ta ba da shawarar a rage girman hotunan.

Jannatu ta ƙi. In aka rage, tsagar kunne za ta ɓace, kuma tsagar ita ce maganar. Sai ta raba su takwas-takwas, kowace saniya jikinta da kunnenta a saƙo ɗaya. A saman kowane saƙo ta rubuta lambarsa: na ɗaya cikin shida, na biyu cikin shida, don kada wani ya ɓata a hanya ba a sani ba.

Na farko ya tafi cikin minti goma sha biyar. Na biyu ya yi ashirin. Na huɗu ya kai rabi, sabis ya ɗauke, ya koma farko.

Daudu ya bugo. "Dillalin nan ya kawo igiyoyi fa. Har ya ɗauko masu kora."

"Baffa Daudu, don Allah ka daina kira, kana katse mini aiki. Ka ce wa likita ya buɗe ukun da suka iso."

Mai ƙosai ta miƙo mata ruwa, ta ce, "'Yar nan, ki ɗaga wayar sama mana, haka 'ya'yana ke yi."

Ba ta da wata hujjar ilimi a kan haka, amma ta ɗaga. Hannu ya gaji, ta sauya hannu. Na shida ya fita ana kiran sallar azahar a masallacin bakin titi.

Abin da ya faru a can, Daudu ne ya ba da labari daga baya. Mushe Mamuda ya shiga shingen da aka killace shanun da wayarsa a hannu. Ya karanta suna, ya duba hoto, ya nemo saniya, ya kama kunne. Tsaga biyu a dama. Ya duba ranar da aka ɗauki hoton, watanni huɗu baya. Ya dubi mutumin da ke riƙe da ƙaho a kowane hoto, ya dubi dillali.

"Wannan kai ne?"

Dillali ya ce wataƙila yaronsa ne.

"Yaronka ya girme ka," in ji Mushe Mamuda.

Da ya zo kan Ole, ya bi ta gaba.

Matsala ɗaya ta rage. Wule ta haihu a shingen da safiyar ranar. Dillali ya ce ɗan maraƙin dai ba shi da hoto, don haka nasa ne. Likita ya ce to, a tambayi maraƙin. Maraƙin yana ƙarƙashin Wule yana tsotso, bai ɗago ba.

Shanu ashirin da uku suka ɓata. Ran Asabar ashirin da huɗu suka shigo ruga.

Mutane suka taru yi wa Lado barka. Malam Ukasha ma ya zo, a makare, ya zauna a gefe. A nan Daudu ya faɗi abin da Jannatu ba ta gaya wa kowa ba. A saman kowane saƙo, kafin lamba, ta rubuta: "Ƙarin bayani a kan wasiƙar Malam Ukasha." Kuma likita ya sa wasiƙar a saman fayil, saboda ita kaɗai ce mai hatimi.

Da mutane suka ragu, Malam Ukasha ya matsa inda Jannatu take, ya fito da wayarsa.

"'Yata, wannan zaɓen da kike yi musu duka a lokaci ɗaya. A kwas ɗinmu ba a kai nan ba."

"Ai sabon abu ne, Baba," ta ce. Ta nuna masa. Sai da ya gwada sau huɗu, domin ya saba danna abu da ƙarfi.

Shi kuwa Lado, ana ta cewa 'yarsa ta fitar da shi kunya, bai amsa wa kowa ba. Ya shiga garke, ya ɗauko maraƙin, wanda ashe mace ce, ya ɗaure ta a ƙofar ɗakin da Jannatu ke sauka in ta zo gida. Wani ya tambaye shi sunan da zai sa mata.

Ya ce, "Imel."

Sannan ya dubi sama, ya ɗaga murya yadda har matan da ke bayan danga za su ji.

"Ta mai wayar ce. Duk abin da ta haifa nata ne. Wanda ya yi dariyar fasfo kuma, ya zo a yi wa nasa."

Sun zo. Kafin kaka, Jannatu ta ɗauki hoton shanun ruga bakwai.

Darasi: Ilimin jiya abin girmamawa ne, amma ba kowace ƙofa makullinsa ke buɗewa ba. In ƙarami ya ce ya san hanya, a saurare shi kafin azahar ta matso. In kai ne ƙaramin, ka yi aikinka da haƙuri, kuma ka bar wa babba wurin da zai ajiye rawaninsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki su ƙaru, musamman masu dabbobi. Yadda yake za ku tura, ba sai an buga a takarda ba.

Wasiƙar Malam Ukasha dai tana nan a zaurensa cikin gilashi, kusa da takardar kwas. Baƙi suna yawan yaba duwatsun.