Ɓarin Goro da Albasar Nomau

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Gidan Tsamiya akwai wani manomin rani, Nomau, mai 'ya'ya uku da 'yar gonar albasa guda. Ruwan dam ɗin garin ba ya isar kowa lokaci ɗaya, sai dai bi da bi, na ƙarshe kuwa taɓo yake tararwa. Don kada a ce an yi son kai, duk shekara ƙuri'a ake yi. Manoma su jeru, 'yan asalin gari a gaba, baƙi a baya. Sarkin Ruwa, mai kula da rabon ruwan, ya faro daga kan layi, ya tsaya gaban mutum biyu da ke kusa da juna, ya cilla ɓarin goro sama. In ya faɗi a kife, su yi musayar wuri. In a rigingine, kowa ya tsaya inda yake. Haka zai bi har ƙarshe, ya koma ya sake, sannan a ce layi ya gauraya, a bi shi wurin raba ruwa. Kuma wallahi mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa da gangan ba.

Nomau baƙo ne, wurinsa wutsiyar layi. Shekara da shekaru albasarsa na ƙonewa, yana cewa rabonsa ke nan. Bana dai abin ya ci masa rai, ya rantse in ta sake ƙonewa zai bar gonar, ya bar garin.

Babbar 'yarsa Delu ita ke kai fura gona-gona, ta san wanda ke samun ruwa da wuri. Ta tuno shekarun baya, ta ga ɗan gari kan faɗo baya jifa-jifa, amma ba baƙon da ya taɓa shiga sahun farko. Ta ce, "Baba, wannan ba rabo ba ne. Da rabo ne, da ko sau ɗaya ya faɗo kan baƙo." Mutane suka yi ta dariya, wai goro ya san baƙo ne?

Korau, mai bi mata, bai yi dariya ba. Ya jera tsakuwa a ƙasa, baƙa a ƙarshe, ya yi ta cilla goro har matarsa ta fara tunanin nemo masa magani. Can ya gano abin. Tunda daga gaba Sarkin Ruwa ke tafiya zuwa baya, wanda goro ya tura baya ana iya yi ta tura shi a tafiya ɗaya. Na wutsiya kuwa, komai sa'arsa, taki ɗaya tak zai matsa a kowane zagaye. Ya nuna wa dattawa da tsakuwar nan. Sai ɗayansu ya ce, "To, mun gani. In ba ku da wata hanya, ku bar mana tamu."

Nan autan, Barmo, ya miƙe, shi da ba a cika jin bakinsa ba. Ya ce kowa ya kawo ƙwallon dabino mai alamarsa, a zuba a gora, a girgiza, a zazzago ɗaya. Mai shi ne na farko, kuma ƙwallonsa ba ya komawa ciki. A sake girgizawa, a zazzago na biyu, har ƙwallayen su ƙare. A cikin gora babu ɗan gari, babu baƙo.

Sarkin Ruwa da hannunsa ya girgiza goran, ƙwallon Nomau ya fito da wuri. Kai, ku zo ku ga albasa! Tsoho ya riƙa tare mutane a kasuwa yana cewa, "'Ya'yana ne fa, su ukun!" Har ƙwalla yake yi don alfahari, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Yanzu ƙarfinsa ya ƙare, gonar kuma ba ta rabuwa uku, ya ce wanda ya cece ta zai ba. Da Delu ba ta lura ba, da har yau ana cewa rabo ne. Da Korau bai nuna dalili ba, da dariya ta cinye maganarta. Da Barmo bai kawo gora ba, da an gane cutar an ci gaba da ita. To, ku da ke zaune nan, wa Nomau zai ba gonar?