Simintin da Mansir Ya Shafa wa Soron Kakansa

Akwai wani ɗan kwangila a Ƙofar Ran ta Bauchi, Mansir, wanda ya gaji soron ƙasa da ya girmi kowa a layinsu. Mahaifiyarsa, Inna Zinariya, a ciki take kwana, ga ta da ciwon ƙafa.

Ƙungiyar unguwar tana da al'ada: kafin damina ana gayyar yaɓe gida-gida, don tsoffin gine-ginen kada su zube. Shugabanta Baffa Modibbo ne, tsohon magini.

Da layi ya zo kan Mansir, gogan naku ya daga hanci.

"Baffa, zamanin laka ya wuce. Siminti zan shafa, ku cire gidana."

"Ɗana, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ruwa ya shiga ta sama, siminti zai hana shi fita."

Mansir ya yi dariya, ya shafe soron tas. Kyau kam ya yi kyau!

Watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da safe Chijioke, mai shago a gaban gidan, ya hango tsaga a bango, ya ruga ya kira Baffa.

Baffa ya ƙwanƙwasa bangon da sanda. Ya amsa kamar ganga. Ƙasar ciki ta narke.

"Wa ke ciki?"

"Inna," in ji Mansir da ya iso a guje. Ya tura ƙofa, ta ƙi buɗuwa, bango ya danne ta.

"Kada ka doka!" in ji Baffa. "A kawo azara!"

Nan da nan mutanen da ya raina suka fito cikin ruwa, suka tokare bangon da itatuwa. Ana jin Inna tana salati, siminti na ɓarewa yana faɗowa. Da ƙyar aka cire ƙofar, Chijioke da Mansir suka ɗauko ta. Ba su kai bakin titi ba bangon ya rufta kan gadonta.

Mansir ya durƙusa cikin taɓo yana kuka. Wallahi ni ma ya ba ni tausayi.

"Baffa, ni na ce ku cire ni."

"Kai ka fita, gidan bai fita ba. Ranar Asabar akwai gayya, za mu tada bangon."

Ranar Asabar, Mansir ne ya fara cire takalmi ya shiga kwaɓa ƙasa.

Darasi: Kuɗi ba ya maye gurbin sani, kuma ranar tsanani maƙwabci ne zai riga kowa zuwa. Ku tura wa duk wanda ya gaji tsohon gida.