Hular Buhun Albasa

Akwai wata mata mai suna Nasiba, a wani ƙauye cikin fadamar Madawa. Mijinta Surajo ya yi shekaru yana aiki a Malta, wani ɗan tsibiri a Turai, ya dawo gida yana noman albasa. Tun da damina ta wuce take ganin yana kakkaɓe jakar tafiyarsa. Ba ta son ya koma.

Nasiba ba mai magana ba ce a gaban mutane, amma in su biyu ne, tambaya ba ta ƙare mata.

Wata rana tana tsinke ganyen albasa ta ce, "Malam, wai can mi suke nomawa?"

Ya yi dariya. "Noma kaɗan ne. Dutsi ne irin na Keita, ko gulbi babu. Ruwan teku suke tacewa su sha."

"To mi suke ci?"

"Baƙi ke kawo musu masana'antu. Ana yin magani, ana haɗa ƙananan kayan lantarki, ana gyaran jiragen ruwa. Ga 'yan yawon buɗe ido. Ni kwalayen magani nike shiryawa."

"Su baƙin, mi ya sa sunka bar garuruwansu sunka kai dukiyarsu bisa dutsi?"

Surajo ya sosa ƙeya. Ya ce bai taɓa tambaya ba. Ita kuwa tambayar ta zauna mata a rai.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani baƙo, Yunusa, wakilin wani kamfanin ƙasar waje, yana neman ƙauyen da za a kafa injin busar da albasa. Ya ce kowane manomi ya kawo buhu guda ya gani.

A garin, in za a cika buhu, ƙanana da masu tabo ake zubawa ƙasa, a jera manya jajaye a sama, a ɗinke. Shi ake kira hula. Gajere, yayan Surajo, ya zo ya taya shi, suka yi wa buhun hula mai kyau.

Nasiba ta jira Gajere ya fita, sannan ta ce a hankali, "Malam, kwalin maganin nan, shi ma hula kuke yi mishi?"

"Wace hula? Na ƙasa da na bisa duk ɗaya ne. Mai saye yana wata ƙasa, bai ganin ciki."

Yana faɗa ya juya ya dubi buhun da suka ɗinke. Sai ya farke ɗinkin, ya zazzage, ya fid da masu tabo, ya cika shi a gauraye.

Da aka kai buhuna dandali, mutane suka ga nasa, suka yi ta dariya. Gajere ya ce, "Ɗan Turai, buhunka ko hula babu, kamar wanda ya fito wanka."

Yunusa bai ko dubi saman buhunan ba. Wuƙa ya sa ya tsaga gindin kowanne. Ƙanana da ruɓaɓɓu suka gangaro, dariya ta ɗauke. Na Surajo kaɗai ya fito yadda samansa yake.

Yunusa ya ce, "Na yi niyyar wucewa Bangi. Amma in wanga mutum zai riƙa duba abin da ake kawowa, nan za mu kafa."

Surajo ya karɓi aikin, bai koma Malta ba. Jakar tafiyar tana nan rataye a ɗakin Nasiba. Irin albasa take ajiyewa a ciki.

Darasi: Baƙo ba ya ajiye dukiyarsa sai inda ya amince da abin da idonsa bai gani ba. Mu gyara ƙasan buhu kamar yadda muke gyara samansa. Ku tura wa 'yan uwa manoma da 'yan kasuwa su ma su karanta.