Tarkum, Wanda Tagulla Ke Jin Yarensa

A zamanin da ba a san baƙin ƙarfe ba, can arewa mai nisa, gabas da duwatsun Ural, inda koguna ke daskarewa rabin shekara, an yi wani maharbi, Tarkum. Wata annoba ta cinye mutanensa kaf, sai shi kaɗai ya tsira. Ya bi sawun barewa har ya faɗo cikin masuntan wani babban kogi, suka ba shi masauki, suka ba shi mata, Nelka. Ya koyi yarensu, amma nasa ba shi da abokin yi. 'Ya'yan da ya haifa ma na uwarsu suka ɗauka. Abin yana cinsa ƙwarai, don ya san ranar da ya mutu, da yaren za a binne shi.

A yawonsa na farauta ya zauna da waɗansu makiyayan kudu, ya ga yadda suke dafa koren dutse, su haɗa da kuza, tagulla ta fito. Ya dawo ya sassaƙa mazubi na dutse, ya zuba kan mashi mai rami, wanda ake cusa wa sanda. An ce mashin ya huda beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa, ya kafe a bishiya. Nan ya sami kirari: Tarkum na Nelka, mai mai da dutse ruwa.

Garuruwa suka turo samari koyon zubi. Tarkum ya ce musu, "Tagulla ba ta jin yaren kowa sai nawa. Wanda ya yi mata wani, za ta tsage."

Da suka keɓe Nelka ta ce, "Maigida, ni fa na ga ka yi zubi bakinka a rufe."

Ya ce, "To, ke ma rufe naki."

Ta rufe. Samari kuwa, da kwaɗayin mashi, suka koyi yaren, har 'ya'yansa. Wuta, ruwa, hannu, kifi, duk da bakin Tarkum. Suka shiga kwale-kwale suka yi yamma, suna zubi suna aure.

Da ya tsufa ya makance, wani baƙo daga ƙasar da bai taɓa ji ba ya zo ya gaishe shi da yarensa, a karkace. Tsoho ya yi masa faɗa kan lafazi, ya sa shi ya maimaita, ya sake maimaitawa. Nelka ce kawai ta lura hawaye mijinta yake yi.

Yau masana na tono ƙasusuwan dā suna auna jini. Suna samun na mutanen gabas yana raguwa in an yi yamma, har ya zama ɗigo, yarensu kuwa yana nan a bakin jama'a. Masu ba da labarin nan sun ce a kogin, har gobe maƙeri ba ya zubi sai ya yi wa tagulla magana. Ba wanda ya taɓa gwada yin shiru.