Fanka Ba Ta Faɗuwa Sai Ta Yi Sallama

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Injiniya. Ba yabo ba ne, tsokana ce.

Babanta mai gyaran wuta ne. Tun tana ƙarama, idan ya shimfiɗa buhu a tsakar gida yana kwance fanka, tana durƙushe kusa da shi tana tambaya har sai ya ce, "Ke, bar ni in ji da kunnena." Daga bakinsa ta riƙe wata magana: fanka ba ta faɗuwa sai ta yi sallama. Tana fara rawa, sai ta fara ƙara, sai ta fara zubo gari daga sama. Wanda ya ga ukun nan bai tashi ba, shi ya so.

A ajin nasu fanka ɗaya ce tal a tsakiyar silin, kuma ta tsufa. Idan aka kunna ta sai ta yi ta gurnani ba ta juyawa, sai wani ya ɗauko sandar tsintsiya ya tunkuɗa fiffiken, sannan ta kama gudu. Kullum haka ake yi, har abin ya zama wasa.

Mai tunkuɗawar shi ne monitan aji, wanda ake kira Gwamna. Yaro ne mai ƙoƙari, amma akwai jin kai. Bencin da ke ƙarƙashin fankar nasa ne, shi da abokansa biyu, Dogo da Ƙato, suna kiransa fada. Kuma a aljihunsa takardar masu surutu take. Duk wanda sunansa ya shiga takardar nan, wankin banɗaki ya same shi.

Wata safiya Injiniya na shara, sai ta ga wani farin gari a kan teburin Gwamna. Ta shafa da yatsa, ta ɗaga kai. Da aka kunna fankar ta saurara, sai ta ji wani ƙas, ƙas, ƙas a cikin gurnanin, wanda babu shi a makon jiya.

Ta ce, "Gwamna, don Allah ku janye bencinku. Fankar nan ta fara sallama."

Ya dube ta sama da ƙasa. "To ki amsa mata mana. Ki ce a gai da gida."

Aji ya kwashe da dariya. Dogo ya ce, "Injiniya ba digiri. Iskar take wa baƙin ciki, don ba ta kai wa bencinsu."

Ranar sunanta ya shiga takarda, ta wanke banɗaki.

Ta koma gida tana kumbure-kumbure, ta ce ita ta daina magana, in ta faɗo ta faɗo. Ummanta na ninke kaya, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Idan ta faɗo a kan ɗan mutane, dariyar da suka yi miki ce za ta ɗinke masa kai? Wanda Allah ya ba ido a cikin jama'a, amana ya ba shi. Amma ki bar musu da yara, je ki wurin babba, kuma kada ki je hannu rabbana."

Washegari, bayan an tashi, Injiniya ta shimfiɗa baƙar leda a kan teburin Gwamna. Da gari ya waye, kafin tara na safe, fanka na gudu, ledar ta yi fari fat da garin siminti. Ta naɗe abarta, ta ja ƙawayenta biyu suka nufi wurin Malamar aji.

Malama ta ga gari, ta zo ta tsaya ta saurari ƙarar da kanta. Nan take ta kashe fankar, ta kai rahoto ofis, aka ce mai gyara zai zo ranar Litinin. Ta ce kada wanda ya sake taɓa makunnin, kuma a janye bencuna a bar tsakiya fili.

Kowa ya janye. Gwamna ma ya janye, yana harare-harare.

Ranar Alhamis aka yi wani irin zafi, har alli na narkewa a hannu. Bayan tara aka kira malamai taro a ofis, Malama ta bar ajin a hannun monita.

Tana juya baya Gwamna ya miƙe. "Dogo, Ƙato, ku mayar da fada mazauninta."

Suka jawo bencin ƙiii, suka mayar da shi ƙarƙashin fanka. Gwamna ya kunna, ya ɗauko sandar tsintsiya ya ba fiffiken wata irin tunkuɗa, har kan fankar ya karkace. Iska ta taso, takardu suka fara tashi, wasu suka hau tafi.

Injiniya ta ce, "Malama fa ta hana."

"Malama tana ofis, ni nake nan."

Ta nufi makunnin da ke jikin bango kusa da allo. Ƙato ya riga ta, ya jingina bayansa a kai ya harɗe hannuwa. "Sai dai ki ɗauke ni, ƙanwata."

Gwamna ya koma ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya zaro takardar masu surutu ya shimfiɗa a tebur. "Yau sau biyu zan rubuta ki. Ɗaya na surutu, ɗaya na hassada."

A nan ne ƙarar ta canja. Ƙas ƙas ɗin ya tsaya, wani gurza-gurza ya maye gurbinsa, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Injiniya ta ɗaga kai. Fankar ba rawa take ba yanzu, lilo take. Gari na sauka a kan gashin Dogo, shi bai ma sani ba.

Ofis da nisa. Roƙo kuwa ta yi har ta gaji. Ta dubi Gwamna, ta dubi abin da ya fi so a duniya yana shimfiɗe a gabansa.

Ta yi bisimilla a ranta, ta zabura, ta fizge takardar masu surutu, ta zuba a guje.

"Ke! Kan uba, takardata!"

Gwamna ya tsallake tebur ya bi ta. Dogo ya rufa masa baya. Aji ya kaure da ihu, wasu na cewa a kama ta, 'yan mata na cewa, "Gudu, Injiniya, gudu." Ta kai bakin ƙofa ke nan Gwamna ya cafko gefen jakarta.

Sai ji kake rim.

Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, ga fanka kwance a kan bencin fada. Teburin ya tsage gida biyu, fiffike ɗaya ya lanƙwashe daidai inda kan Gwamna yake ɗazu. Bironsa na ƙarƙashi, ya zama gari.

Wayar wuta na ta reto a sama. Wani yaro ya matsa zai leƙa, Injiniya ta daka masa tsawa, "Kada ka taɓa, akwai wuta. Ƙato, kashe makunnin. Kowa ya fita ta gefen bango." Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ƙato ya kashe, aka fita a layi.

Malamai suka iso a guje. Malama ta ƙirga yaranta sau biyu, arba'in da bakwai cif, ko ƙwarzane babu. Ta zauna a kan dakali tana ta maimaita alhamdu lillahi.

Gwamna kuwa har lokacin yana riƙe da gefen jakar, ya manta ya saki. Injiniya ta miƙa masa takardarsa, duk ta yamutse. "Ungo. Ka rubuta ni sau uku, har da na ƙwace."

Ya saki jakar ya karɓa, sai hawaye.

Shugabar makaranta ba ta jira Litinin ba. A ranar ta aika aka kira baban Injiniya. Ya hau tsani ya zaro guntun kusar da ta riƙe fankar, ta cinye saura kamar zare kafin ta tsinke. Ya ce tunkuɗar sandar nan ce ta yi ta gurzar ta kullum. Ya zagaya sauran azuzuwa, ya sauke fanka huɗu da suka fara tasu sallamar.

Da safe Malama ta karɓi takardar masu surutu kamar yadda ta saba. Suna ɗaya ne a ciki, na Gwamna, da rubutun hannunsa. Ta dube shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ni ne na yi surutu lokacin da ya kamata in saurara."

Ya ɗauki bokiti da kansa. Da zai wuce ta gaban bencin Injiniya ya tsaya, ya ce a hankali, "Injiniya, ƙofar banɗakin ma tana wata ƙara. In kin samu lokaci ki zo ki ji mana."

Darasi: Hatsari ba ya zuwa babu sallama, mu ne ba ma amsawa. Mu koya wa yaranmu su lura da inda suke zama, su kai abin da suka gani wurin babba, kuma kada dariyar abokai ta rufe musu baki. Wanda aka ba shugabanci, ko na aji ne, ya sani kunne ya fi takarda amfani. Iyaye, yau idan yaro ya dawo, bayan "me aka koya muku", a ƙara da "me ka gani da bai kwanta maka ba". Ku tura wa sauran iyaye da malamai, wataƙila akwai wata fankar da ke sallama a kan ɗan wani. Allah ya tsare mana su, ya dawo mana da su lafiya.