Shafin Ayyukan Lauya Wickle

Yaya Hindatu, an dai ba ni! Ni ce Madam Prudence mai buga jarida a wasan kwaikwayon makarantarmu!

Wai a Amurka ne, zamanin keken doki. Lauya Wickle ya shekara goma a majalisa yana gyangyaɗi, sai zaɓe ya matso. Ya ce wa Madam Prudence, "Ki ware min shafi guda, ki buga duk ayyukan da na yi wa jama'a. In na ga ƙarya ko ɗaya, sai na sa an rufe shagon nan."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Jarida ta fito da sunansa a sama, ƙasa kuwa fari fat. Ya maka ta a kotu.

Ta ce, "Nuna wa alƙali ƙaryar."

"Ai ba ki rubuta komai ba!"

"To ga ka masanin doka. Rantse, ka faɗi aiki ɗaya da na manta, gobe in buga."

Yaya, har alƙali ya tafi cin abinci ya dawo, mutumin yana tunani.

Don Allah kar ki gaya wa kowa tukuna. Ɗan majalisarmu ne babban baƙo, kar ya ji ya fasa zuwa.